Kwalbati huɗu da ba su cikin takarda: wa zan kai ƙara?

Baban Asma'u:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka, don abin ya kai ni maƙura. A watan Fabrairun 2023 wani kamfani da ya samu kwangilar hanyar karkara daga wata hukumar tarayya, can gabashin jiharmu ta Sakkwato, ya yanko mini aikin kwalbati 12 da magudanar ruwa. Muna tsakiyar aiki injiniyan da ke duba aikin ya zo ya zaga, ya ce akwai wurare huɗu da ruwa ke yanke hanya da damina waɗanda ba a sa a zane ba, in ƙara kwalbati a nan, za a daidaita lissafi daga baya. Manajan kamfanin yana tsaye, ya ce in yi. Na yi. Kafin in gama aka cire tallafin mai, kuɗin tifa ya ninka, siminti da rodi suka bi baya. Ban tsaya ba, na ci bashi na ƙarasa.

Yau sama da shekara biyu ina bin su naira miliyan 31: miliyan 19 ragowar aikin farko, miliyan 12 na ƙarin. Amsarsu ba ta wuce biyu ba. Ko su ce gwamnati ba ta biya su ba, ko su ce huɗun nan ba su cikin takarda. Dilan siminti yana bi na, direbobin tifa suna bi na, magina da leburori suna sallama a ƙofar gidana. Tambayata: tunda hanyar ta hukumar ce, kuma motoci a kan aikina suke wucewa, zan iya kai ita hukumar ƙara kai tsaye?

Shamsu:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka ɓata kuɗinka wurin lauyoyi. Rubuta wa EFCC, ko ka kai manajan wurin 'yan sanda ya kwana biyu, kuɗinka za su fito. In ya ƙi, ka tara yaranka ku tare hanyar.

Barista Hadiza:
Alhaji, Allah ya kawo mafita. Shamsu, ka yi haƙuri, shawarar nan za ta jefa shi rami na biyu. Bashin kwangila ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, kuma kotuna sun sha cin tarar 'yan sanda tare da wanda ya kai ƙorafin idan aka tsare mutum don karɓo bashi. Sai ka ga mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. EFCC tana da hurumi ne idan akwai zamba, misali an karɓi kuɗin aiki an karkatar. Tare hanya kuwa laifi ne a kan wanda ya tare.

Ga amsar tambayarka, ko da ba za ta yi daɗi ba: ba ka da kwangila da hukumar. Doka ta ce wanda ya ƙulla yarjejeniya shi kaɗai ke iya neman haƙƙi a kanta. Hukumar da kamfanin ta ƙulla, kai da kamfanin ka ƙulla. In ka kai hukumar, abu na farko da lauyanta zai ce shi ne ba su san ka ba, kuma mai yiwuwa alƙali ya cire sunanta tun kafin a shiga magana. Abokin shari'arka kamfanin ne. Me ke rubuce tsakaninku?

Baban Asma'u:
Wasiƙa ce shafi ɗaya da kan sarkin kamfanin. Ta faɗi kwalbati 12, farashin kowanne, da wata shida na gamawa. A ƙasa an rubuta za a riƙa biya na gwargwadon yadda hukumar ta biya su, kuma za a riƙe kashi 5 sai bayan shekara guda in ba a ga tsagewa ba.

Barista Hadiza:
To, layin nan na ƙasa shi ne igiyar da suka ɗaure ka da ita. Da shi babban ɗan kwangila ke sauke wa ƙarami haɗarin jinkirin gwamnati. Amma igiyar tana da iyaka. In har hukumar ta biya kuɗin sashen da kwalbatocinka suke ciki, hujjarsu ta faɗi warwas. Saboda haka kafin kotu, kafin komai, sai mun gano an biya ko ba a biya ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi irin wannan bayani, kuma kwana bakwai ta ba su su amsa. Ba koyaushe suke amsawa a kan lokaci ba, amma wasiƙar kanta takan girgiza ofis, don ƙin amsawa abu ne da ake iya kai wa kotu.

Injiniya Sani:
Bari in sa baki ta ɓangaren wurin aiki, don mutane da yawa ba su san yadda kuɗin babbar kwangila ke tafiya ba. Ba a biya don an ga hanya ta yi kyau. Ana zuwa a auna abin da aka yi, mai ƙididdiga ya lissafa bisa farashin da ke cikin jadawalin kwangila, injiniya ya sa hannu a satifiket, sannan takarda ta fara hawa tebur tebur har ta isa inda ake sakin kuɗi. Duk abin da bai shiga jadawalin nan ba, ko da zinariya aka gina shi, mai biya ba ya ganinsa. Hanya ɗaya ce yake shiga: umarnin canjin aiki a rubuce, wanda mai ikon amincewa ya amince. Kuma sau da yawa injiniyan da kake gani da hular kwano a wurin aiki ba shi da ikon ƙara ko kwabo a kan jimlar kwangila. Yana iya ganin buƙata, ya rubuta ya tura sama.

Ina kyautata zaton abin da abokin aikina, injiniyan da ya ce a ƙara kwalbati, ya gani gaskiya ne. Zanen hanyoyinmu da yawa da rani ake yinsa, wani ma a ofis, ba a tambayi mutanen gari inda ruwa ke bi ba. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai yi wasa da mashigar ruwa a ƙasar Rima ba. Kuskurensa shi ne ya bar magana a baki. A manyan kwangilolin da ke bin tsarin FIDIC, wato samfurin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, wanda ake yawan amfani da shi a ayyukan da bankunan raya ƙasa ke ba da kuɗinsu, ɗan kwangila kwana 28 gare shi ya ba da sanarwa a rubuce daga ranar da ya san abin da zai jawo ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci. Ya wuce haka, haƙƙin na iya faɗuwa ko da gaskiyarsa. Manyan kamfanoni suna ajiye ma'aikaci wanda ba shi da aiki sai rubuta irin waɗannan wasiƙu. Mu nan sai mu ce ai kunya ce ka ce wa babba ya rubuta maka abin da ya faɗa.

Baban Asma'u:
Wallahi Injiniya ka taɓo inda ke ciwo. Ya girme ni, ga jama'a a tsaye, sai na ga kamar in na ce ya rubuta na ƙaryata shi ke nan.

Kawu Altine:
Ɗana, Allah shi ba ka haƙuri. Ni na yi shekara talatin da ukku ma'aikatar ayyukka kahin in aje, kuma abin ga da kaf faɗi na gan shi ya hi a ƙirga. Da can, in babban injiniya yac ce a yi, magana ta zauna, don shi ad da aikin hal ƙarshe, kuma shina jin kunyar a ce ya ci haƙƙin wani. Yanzu kahin a gama hanya guda an canza shugaban hukuma sau biyu, injiniya an maishe shi wata jaha, wanda yaz zo sabo ba ya san komi ba sai abin da yat tarar cikin hwayil. Ba lallai mugunta ta ba. Mutum ba shi sa hannu ga abin da bai gani ba rubuce.

Amma ina jan kunnen yaron ga da yac ce a tare hanya. Mu mun ga Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya yag gina madatsar kusa da Talatar Mafara, lokacin duk jahar Sakkwato ta, anka gama ta 1978. Manoma anka amshe ma gonaki, anka yi ta ja masu rai kan diyya, sunka gaji sunka tare hanyoyin aikin. Watan Afrilu 1980 anka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, anka rasa rayukka, anka ƙone gidaje. Gaskiya tana garesu, amma su anka binne. Tun daga sannan duk wanda yac ce mani a tare hanya, gabana faɗuwa shikai.

Shamsu:
Na karɓi gyara Kawu. Zafin abin ne. Amma a gaya mini, talaka ina zai bi? Kotu shekara nawa?

Alhaji Mai Gireda:
Ku bar ni in yi magana a madadin waɗanda ake zagi, don ni ma babban ɗan kwangila ne daidai gwargwado, kuma akwai masu bi na kamar yadda Baban Asma'u ke bin wasu. Ban san kamfaninsa ba, ba na kare su. Amma mu ma wuta muke sha. Ka sa hannu a kwangila dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yunin 2023 aka saki naira, farkon 2024 dala ta haura 1,500. Kwalta, kayan gyaran injuna, man dizal, duk da dala suke tafiya. In kwangilarka ba ta da sharaɗin daidaita farashi, kai za ka haɗiye bambancin. In tana da shi, sai ka bi layin neman amincewa, wata da watanni. Ko kamfani irin Julius Berger bai tsira ba: aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka ba shi a ƙarshen 2017, kan batun farashi ya kai ga ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna a Nuwamban 2024. To ina ga mu?

Ga matsalar tsaro a kai. Ka je wajen Isa, Sabon Birni ko Rabah ka ce wa direban gireda ya kwana a daji. In ka janye ma'aikata don ceton rai, a takarda kai ne ka yi jinkiri, sai in kwangilar ta ambaci irin wannan uzuri kuma ka sanar a kan lokaci.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardu an tantance su, jinkiri ne, kuma a biya da ƙari. Ni ban taɓa karɓar wannan ƙarin ba, ban ma taɓa nema ba. Ranar da ka kai hukuma ƙara, ka yi bankwana da aiki a wurin. Shi ya sa muke shiru, shirun namu kuma a kan ƙananan 'yan kwangila yake sauka. Na yarda wannan ba adalci ba ne.

Barista Hadiza:
Alhaji ya faɗi abin da lauyoyi ke gani kullum. Zan ƙara masa wani dutsen: ko ka ci shari'a a kan gwamnati, karɓar kuɗin wata shari'ar ce. Sashe na 84 na dokar da ta tsara zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar. Wato babban lauyan wanda ka kayar, shi za ka roƙa ya bari a cire.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ake tsoratar da mutane da su ba bisa gaskiya ba. Ana cewa in wata uku ya wuce ba ka iya ƙarar hukuma, saboda dokar kare jami'an gwamnati. Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa wannan wa'adi bai shafi saɓa kwangila ba, tun shari'ar hukumar tashoshin jiragen ruwa da wani kamfanin gine-gine na Italiya a 1974. Na biyu, mutane na zaton duk inda hukumar tarayya take, sai Babbar Kotun Tarayya. A shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005, Kotun Ƙoli ta ce rikicin kwangila zalla ba hurumin wannan kotu ba ne. Mutum ya kuskure ƙofa, sai ya yi shekaru a banza a ce ya koma farko. Shi Baban Asma'u, Babbar Kotun Jiha ce tasa. Kuma akwai wa'adin shekaru na shigar da ƙarar bashi, saboda haka zaman jira ba shi da amfani gare shi.

Musa na Kofar Atiku:
Ni fa ban yarda a mai da 'yan kwangila abin tausayi gaba ɗaya ba. Nawa ne suka karɓi kuɗin fara aiki suka kai gireda ɗaya aka ɗauki hoto, shi ke nan? A dokar 2007 kuɗin fara aiki bai wuce kashi 15 ba, a gyaran 2020 aka ɗaga wa 'yan kwangilar gida zuwa kashi 30. An ce sai da garantin banki ko na inshora. To garanti nawa aka taɓa kira a dawo da kuɗin jama'a? Kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba a rahotonsa na 2011. A nan gida, tashar wutar jiha mai megawat 38 tun 2008 aka ba da kwangilarta, yaron da aka haifa shekarar ya isa shiga jami'a muna jiran wuta. Duk wannan laifin gwamnati ne ita kaɗai?

Alhaji Mai Gireda:
Ban ce haka ba Malam Musa. Akwai ɓata gari a cikinmu, kuma su suka sa ake yi wa na kirki kallon ɓarayi.

Barista Hadiza:
Malam Musa yana da gaskiya, kuma abin da ya kawo da na Baban Asma'u tushensu ɗaya, girma ne ya bambanta. Ku dubi P&ID. Kamfanin waje ne da gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da shi a 2010 don gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba, ba a aza ko bulo ɗaya ba. Masu raba gardama a Landan suka yanke wa Najeriya dala biliyan 6.6 a 2017, da kuɗin ruwa ya kai wajen biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles ya rushe hukuncin bayan ya gamsu cewa an yi amfani da cin hanci. Ko rikicin gwamnatin Ogun da kamfanin Zhongshan na Sin, wanda ya sa kotu a Faransa ta riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa uku a Agustan 2024. Jami'ai ne suka sa hannu ko suka soke yarjejeniya ba tare da auna abin da ke rubuce ba, ƙasa ta ɗauki nauyin.

Da yake an zo nan: yawancin manyan kwangiloli suna da sharaɗin cewa in rikici ya tashi ba kotu za a fara ba, gaban masu raba gardama za a je. Dokar da ke kula da wannan sabuwa ce, ta Mayun 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma ta haɗa har da sulhu. Ya fi kotu sauri, kuma ana iya zaɓar wanda ya san aikin gini ya saurara. Amma ɓangarorin ne ke biyan masu zaman, ga ƙaramin ɗan kwangila yana iya yin nauyi. Wasiƙar Baban Asma'u ba ta da wannan sharaɗi, to ƙofar kotu a buɗe take gare shi.

Ɗan Illela:
A gafarce ni in ɗan karkata. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da anka ƙaddamar 2024, mai kilomita 1,068, daga wajenmu ta taso. Muna murna da ita ƙwarai. To in hanya irin wagga ta bi ta gonar gado, mi doka tac ce? Ana biyan kuɗin ƙasar ko kuwa?

Barista Hadiza:
Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, da sharaɗin a ba da sanarwa. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Ita ƙasar tsurarta ba a biyan farashinta na kasuwa, kuma nan ne manomi ke cutuwa, don gonarsa ita ce jarinsa. Sashe na 44 na tsarin mulki ya ce a biya diyya ba tare da jinkiri ba, kuma mai fili yana da damar zuwa kotu. Shawarata: ranar ƙidaya mai gona ya tsaya da kansa, a ƙirga kowane mangwaro da giginya a gabansa, ya ɗauki hoto, ya karɓi kwafin abin da aka rubuta. In gonar gado ce, magada su daidaita wanda zai wakilce su tun kafin kuɗi su zo.

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga farko. Abin da Injiniya ya kira kunya, addini ya riga ya ɗauke mana ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu amana. Wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba. Ga kamfanin kuma, in an biya su suka riƙe, hadisi ingantacce ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne.

Amma ina da magana a kan ƙarin kuɗin jinkiri bayan kwana 60 da Alhaji Mai Gireda ya ambata. Kwangilar gini a fiƙihu tana shiga babin istisna'i, wato ka sa a ƙera maka abu. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta sharaɗin tara a kan mai aiki idan ya yi jinkiri ba da uzuri ba. A zamanta na Riyad a 2000 ta fayyace cewa ba a sa irin wannan tara a kan mai biya don ya jinkirta kuɗi, domin ƙari a kan bashi saboda lokaci riba ce da addini ya haramta. Saboda haka ina ba Baban Asma'u shawara, in an je kotu, kada ya nemi kuɗin ruwa.

Shamsu:
Allah gafarta Malam, to miliyan 31 ta 2023 ai ba ita ce ta yau ba. Simintin da ta saya a lokacin, yanzu ko kusa. Shi ke nan wanda ya riƙe kuɗin ya ci riba, mai haƙƙi ya yi asara?

Malam Nasiru:
Tambayarka tana da nauyi, kuma malaman zamani sun yi saɓani a kan faɗuwar darajar kuɗi idan ta yi tsanani. Da yawansu sun karkata ga a yi sulhu a raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu. Wannan daban yake da a ce kowane wata kaza cikin ɗari. Haka nan in tun farko aka rubuta cewa farashin aiki zai bi farashin siminti a ranar da aka zuba shi, da ma'auni bayyananne, wannan maganar farashi ce, ba ƙari a kan bashi ba. Sannan su huɗun nan da ba a yanke musu farashi ba, abin da ake duba shi ne ladan irin aikin a lokacin da aka yi shi.

Barista Hadiza:
Malam, a wannan gaɓar ta ƙarshe dokar kotu ma haka ta ce: wanda ya sa ka aiki, ka yi, ya karɓa ya amfana, sai ya biya daidai ƙimarsa ko ba a yanke farashi ba. Matsalar ita ce tabbatar da cewa shi ya sa ka. Batun kuɗin ruwa kuwa zaɓin mai ƙara ne, in bai nema ba babu mai tilasta masa.

Baban Asma'u:
Jama'a, tun jiya da dare nake tonon tsohuwar wayata. Na samu saƙon WhatsApp da manajan ya turo mini kwana biyu bayan zuwan injiniyan, yana cewa in fara haƙa ramukan guda huɗun ranar Asabar, har ya faɗi wuraren. Akwai hotunan da na riƙa tura masa yana amsawa da madalla. Sannan magatakardana ya tuna mini an yi taron wurin aiki a watan Mayu, an rubuta bayanin taro, kuma an ambaci ƙarin kwalbati. Kwafin yana wurinsa, da sa hannun injiniyan da na manajan.

Injiniya Sani:
Alhamdu lillahi. Bayanin taron nan ya fi saƙon daraja a wurina, don yana nuna hukumar ma ta sani. Zai yiwu kamfanin ya riga ya nemi kuɗin ƙarin daga sama da wannan takardar. Ka nemo mai ƙididdigar gini mai rajista ya je ya auna huɗun nan ya rubuta rahoto, kafin damina ta cika su da yashi.

Barista Hadiza:
Yanzu magana ta canza. Kada ka sayar da wayar, kada ka ba yara, kada ka goge komai. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da saƙon waya, da sharaɗin a kawo takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro shi. Ga yadda nake gani: a raba buƙatar biyu. Miliyan 19 ɗin tana da wasiƙa da farashi, in ta tabbata an biya kamfanin, akwai gajeriyar hanya a kotu ta bashin da ba shi da jayayya. Miliyan 12 ɗin ita ce za ta buƙaci shaidu. Amma kafin nan wasiƙa biyu za su fita rana ɗaya: ɗaya ga hukumar ta neman bayanin biya, ɗaya ga kamfanin ta neman kuɗi cikin kwana 14, tare da tayin zaman sulhu. Sau da yawa da sun ga bayanin taron a maƙale, muryarsu takan sauka.

Kawu Altine:
In za a zauna sulhu, a samu dattijo wanda mai kamfanin ka jin nauyinai, amma duk abin da anka daidaita a rubuta, kowa shi sa hannu, da ranakkun biya.

Maman Walida:
Ni ba 'yar kwangila ba ce, maigidana magini ne, kuma ya taɓa yin wata huɗu a irin wannan aiki a ƙauye ya dawo da alkawari kawai. Tun da aka fara zancen nan ana maganar miliyoyi, ban ji wanda ya tambayi leburorin da ke sallama a ƙofar gida ba. Su ba su da wasiƙa, ba su da WhatsApp ɗin manaja. Alhaji, don Allah su nawa ne, kuma nawa suke bi?

Baban Asma'u:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma su ne ke hana ni barci. Su 23 ne, jimlar kuɗinsu miliyan 2 da dubu 400. Na sa filina na bayan gari a kasuwa tun watan jiya saboda su, an yi tayi jiya, in Allah ya yarda da su zan fara kafin dilan siminti, shi na roƙe shi ya ƙara mini zuwa bayan kaka kuma ya amince. Barista, yaushe zan kawo takardun?

Barista Hadiza:
Laraba bayan la'asar, zan turo maka kwatance ta akwatin sirri. Ka zo da wasiƙar ta asali, bayanin taron, wayar da cajarta, rasiɗan siminti da rodi, da littafin da magatakardanka ke rubuta sunayen ma'aikata. Shi ma ya biyo ka, don shi ya halarci taron.